Andometiriyoz ta kama hanji: a zauna kan ƙwaya ko a shiga tiyata?

Maman_Hanifa_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Shekarunta 29, tana da aure, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Tun tana budurwa al'ada ke kwantar da ita, amma yanzu abin ya wuce ciwon mara. In tana jini, shiga bayan gida ya zame mata tashin hankali, sai ta dafa bango tana kuka, ciwon na sukarta ta dubura har gadon baya. Wani watan gudawa, wani watan kashi ya ƙi fita, ciki ya yi tim. An yi mata maganin sanyi, na taifod, na basir, na amiba, duk a banza. Daga ƙarshe a Yawunde aka yi mata hoton cikin jiki na IRM, wato MRI, aka ce andometiriyoz ce, kuma akwai ƙullutu a jikin hanji, can ƙasa wajen dubura. Likitan mata ya ɗora ta a kan wata ƙwaya mai suna Visanne, ya ce a gwada wata shida. Wani likitan fiɗa kuma da ya ga hoton ya ce shi a ganinsa a yi aiki a yanke wurin. Mijinta ya ce mu zaɓa. Inna da ta ji an ce yankan hanji ta ce sam, ba da ita ba. Don Allah wadda ta bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta gaya mana gaskiyar abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai in hanji ne, a'a. Ta sha ƙwayarta ta dage da addu'a, in Allah ya kawo ciki shi ke nan. Mu haka muka taso muka ji, haihuwar fari ke wanke ciwon mara.

Ummu_Yasir_Marwa:
Hajiya, da girmanki, amma wannan maganar ta cuci mata da yawa. Ni ina da yara uku kuma ina da cutar. Lokacin ciki da shayarwa lafiya lau nake, tunda ba jini. Ina yaye yaro al'ada ta dawo, ciwo ya ɗora daga inda ya tsaya. Sannan ta yaya za ta yi ciki tana shan Visanne? Ƙwayar ai hana ƙwai fita take yi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To, ni ban san ƙwayar na hana ciki ba. Kenan maganin tsarin iyali aka ba yarinyar da ke neman haihuwa? Wannan wane irin likita ne?

Dakta_Hawwa:
Hajiya, likitan bai yi laifi ba, haka maganin yake. Maman Hanifa, sannu da jinya. Ba zan zaɓar muku ba tunda ban duba ta ba, ban ga hoton ba, amma bari in shimfiɗa abin yadda za ku san me za ku tambaya.

Cutar nan nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa da ke tsirowa a wajen mahaifar. Yana jin homon ɗin mace, wato sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada, musamman istirojin, don haka duk wata sai ya kumbura ya yi zafi, in ya lafa ya bar tabo. Tabo kan tabo shi ke zama ƙullutu mai tauri, har ya manne hanji da bayan mahaifa ko bayan farji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da cutar, wajen mata miliyan 190 kenan. Waɗanda ta kama wa hanji kaɗan ne a cikinsu, adadin da aka fi ambata shi ne 5 zuwa 12 cikin 100, kuma galibi a ƙarshen babban hanji ne, daidai inda aka ga na ƙanwarki.

Duk maganin homon da muke da shi hanya ɗaya yake bi: ya kwantar da ƙwai, ya tsayar da al'ada ko ya rage ta ƙwarai, naman ya daina tashi duk wata. Ciwo na sauka sosai ga mata da yawa. Paolo Vercellini na Milan a Italiya, wanda ya daɗe yana bin wannan fanni, ya nuna kusan biyu cikin uku na masu ƙullutun hanji suna gamsuwa da magani kaɗai, muddin hanjin bai tsuke sosai ba. Amma ƙullutun yana nan inda yake, domin mafi yawansa tabo ne da tsoka, ƙwaya ba ta narkar da su. Ranar da aka ajiye ƙwayar, ciwon yakan dawo. Kuma ba ta ƙara wa mace damar ɗaukar ciki bayan an daina. Saboda haka ga wadda ta gama haihuwa ko ba ta nema yanzu, ƙwaya na iya riƙe ta shekaru. Ga mai neman ciki bana, lissafin daban ne.

Abin da nake so ki duba a takardar IRM: girman ƙullutun a santimita, guda nawa ne, nisansa daga bakin dubura, da ko an rubuta cewa hanjin ya tsuke. Sannan a tabbatar an duba ƙoda. Cutar na iya matse bututun fitsari shiru, ƙoda ta lalace mace ba ta ji komai ba.

Binta_Gider:
Dakta, ni an yi min kolonoskofi, wato duba cikin hanji da kyamara ta dubura, aka ce hanjina ƙalau, amma alamomina irin na yarinyar nan ne sak. Kenan ba ni da ita?

Dakta_Hawwa:
Binta, ba lallai ba. Kamar gara ce da ta kama katanga ta waje, wanda ke zaune cikin ɗaki yana ganin shafe lafiya lau. Ƙullutun daga bayan hanji yake cin hanya zuwa ciki, kuma da wuya ya ɓullo har fatar ciki inda kyamarar ke gani. Amfanin kolonoskofi shi ne a kawar da zargin daji ko wani ciwon hanji, musamman in ana ganin jini. Abin da ke nuna wannan cutar shi ne eko, wato sikanin, ta farji a hannun wanda ya san abin da yake nema, ko IRM. Eko ta kan ciki da ake shafa jel a yi minti biyar ba ta ganin ta.

Labo_Pitoa:
Ƙarin bayani daga ɗakin gwaji. Duk wadda ke ganin jini a bayan gida a yankinmu, a fara da gwajin kashi. Amiba na nan, tsargiyar hanji na nan ga masu wanki da wanka a Binuwai da Lagdo. Bambancin da za ki lura da shi da kanki shi ne lokaci. In jinin da ciwon suna bin kwanakin al'ada, su zo tare su tafi tare, wannan ba halin amiba ba ne. Ki samu kalanda ki riƙa yin alama, ki kai wa likita.

Ummu_Yasir_Marwa:
Tunda gaskiya aka nema, ga tawa. Na sha Visanne, milligiram 2 kullum ba hutu. Watannin farko ɗige-ɗigen jini ya ishe ni, ba ranar da zan sa farin zane hankali kwance, ga ciwon kai, ga saurin fushi har yara suka fara gudu na. Daga baya jinin ya ɗauke, ciwon bayan gida ya sauka har na manta da shi. Kafin ita an yi min allurar Décapeptyl, wadda ke mayar da mace kamar ta manyanta ta daina al'ada. Wannan kam ban so ta ba. A watan Afirilu ne, a Marwa, rana ta haura 40, ga kuma zafi na taso min daga ƙirji zuwa fuska. Tsakar dare sai in jiƙa zane in lulluɓa, in ya bushe in sake jiƙawa. Gwiwoyina suka riƙa ciwo, sha'awa ta ɗauke ƙaf. Ciwon ya tafi kam, amma ba allurar zama ba ce.

Ungozoma_Kusiri:
Haka ne Adda, ba a wuce wata shida da irin wannan allurar ita kaɗai, saboda tana rage ƙarfin ƙashi. In za a tsawaita sai a haɗa da ɗan homon kaɗan da ke rage zafin jikin ya kare ƙashi. Kuma a makonni biyun farko ciwo na iya ƙaruwa kafin ya sauka, a riƙa gaya wa mata wannan don kada su tsorata.

Hajiya Mai Atamfa, kan tsoron tsarin iyali: ƙwaya, da robar hannu irin Implanon, da Mirena da ake sa wa a mahaifa, in an daina su ƙwai na dawowa da wuri. Wadda ke jinkiri ita ce Depo ta wata uku, takan kai kusan shekara kafin wasu su dawo daidai, shi ya sa ni ba zan so ta ga mai shekara 29 da ke neman ciki ba. Amma babu ɗayansu da ke kashe mahaifa. Rashin haihuwar da ake ɗora wa maganin, sau da yawa cutar ce ta kawo shi tun kafin a fara sha.

Zahra'u_Mokolo:
To ni tambayata ta addini ce. Wannan ɗige-ɗigen da Adda Ummu Yasir ta faɗa, salla fa? Azumi fa?

Malam_Sa'adu:
A Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Mai al'ada sananniya takan ƙara kwana uku a kan kwanakinta muddin ba ta haura 15 ɗin ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla da azumi. Wanda ke zuwa yana ɗaukewa yana da nasa lissafin na harhaɗa kwanaki, gara ta zauna da malama ta faɗi yadda nata yake. Shan magani don lalura babu laifi a cikinsa. Allah shi ne mafi sani.

Mai_Sassaƙe_237:
Duk wannan dogon turanci ne. Sanyi ne ya yi mata yawa ya sauka hanji. Ina da haɗi na sati biyu, yana narkar da kowane ƙullutu, an gwada an gani. A neme ni ta akwati.

Admin_Goggo_Dija:
Mai Sassaƙe, ba a talla a zauren nan, wannan gargaɗi ne. Yarinyar da aka yi ta ɗura wa maganin sanyi shekara da shekaru ba ta rasa masu haɗi ba.

Sani_mai_farmasi:
Daga bayan kanta nake magana. Matsalar da nake gani ba ta zaɓen magani ba ce kawai, ta ɗorewa ce. Visanne na da tsada, kuma a arewa yau akwai gobe babu. Mace ta sha wata biyu, kuɗi ya yanke ko kaya ya yanke, ta tsaya, jini ya ɓalle, ta ce maganin bai yi ba. Akwai dienogest, wato sinadarin da ke cikin Visanne, na wasu kamfanoni da ya fi sauƙi, akwai kuma tsohon magani norethisterone, wanda kuka sani da Primolut-Nor, mai araha, likitoci na amfani da shi a wannan cutar. Ku gaya wa likita ƙarfin aljihunku tun farko, ba abin kunya ba ne.

Abu na biyu, don Allah a bar tiramol na tebur. Banda kamun da yake yi, yana busar da ciki, mai ƙullutu a hanji kuwa taurin kashi shi ne babban abokin gabarta. Dikilofenak da ibufurofen suna taimako, amma ba a ciki wayam ba, ba kuma kullum ba. Masu hawan jini, masu ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, kada su sayi ƙwayar tsarin iyali mai istirojin da kansu.

Ɗiyar_Injamena:
Ni an yi min aikin, bari in faɗi nawa. Na yi shekaru kan ƙwaya, ta riƙe ni, sai ta daina riƙewa. Kashi ya koma siriri, in na ci tuwo da dare sai ciki ya kumbura in kwana ina murƙususu, har amai. Hoto ya nuna hanjin ya kusa toshewa. A Tunisiya aka yi min, ta selyo, wato tiyatar kyamara, huda huɗu ƙanana da ɗan yanka a ƙasan mara, aka datse guntun hanji aka haɗa. Da yake an taɓa bayan farji ma, ɗinki biyu na kusa da juna, sai suka fitar min da hanji ta gefen ciki na wucin gadi, kashi na zuba a leda.

Wannan ledar ita ce ba wanda ya shirya ni a kanta. Za ki zauna da almakashi ki yanka ramin faifan da ke manne ledar daidai girman naman hanjin da ya leƙo, ki goge fatar ta bushe ƙarau, ki manna, ki dafe da tafin hannu har ya kama. Da zafin Injamena gumi na ɓamɓare ta, fatar wurin ta yi ja tana raɗaɗi. Na koma ɗaura zane can sama da cibiya, na daina zuwa biki don tsoron ƙara da wari. Ledojin ma ba a samun su ko'ina, sai an yi saƙo. Bayan 'yan watanni aka mayar da hanjin ciki. Daga nan kuma sai yawan zagayawa, ki fita yanzu ki koma yanzu, kamar ba ki gama ba. A hankali ya ragu, amma har yau ban koma yadda nake tun asali ba.

Ciwon kuwa ya tafi. Ina cin abinci, ina kwana da mijina ba kuka. In aka ce in sake zaɓa zan sake yi. Amma ni hanjina ya tsuke ne, ba ni da wata hanya. Wadda ƙwaya ke riƙe da ita, ban ce ta yi gaggawa ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Inna lillahi. Kun ji ko? Leda a ciki. Ai gara ciwon.

Ɗiyar_Injamena:
Hajiya, wanda bai ɗanɗani ciwon ba ne zai ce gara shi.

DrAbbo_fiɗa:
Sannu 'yar'uwa ta Injamena, kin faɗi abin da mu likitoci kan taƙaita. Amma kada a ɗauka duk aikin hanji haka yake, kuma ba kowa ake sa wa leda ba. Wani ƙullutun kankare shi ake yi daga bayan hanji ba tare da an buɗe hanjin ba. Wani a fafe wurin, a cire da'ira guda daga bangon a ɗinke, galibi in ƙullutu ɗaya ne da bai wuce santimita 3 ba. Datse guntu gaba ɗaya sai in ya yi girma, ko suna da yawa a jere, ko ya zagaye hanjin ya shaƙe shi. A Faransa, Horace Roman da abokan aikinsa sun raba mata 60 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka kankare ko aka fafe, wasu aka datse, aka buga sakamakon a 2018. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a yadda hanji da mafitsara ke aiki, sai dai tsukewar wurin haɗi ta fi yawa ga waɗanda aka datse.

Haɗarin da muke tsoro: ɗinki ya saki ƙazanta ta zuba a ciki, ko hanya ta ɓulle tsakanin dubura da farji kashi ya riƙa yoyo, ko a taɓa jijiyoyin mafitsara mace ta kasa fitsari da kanta na wani lokaci. Ba su da yawa, amma suna faruwa, kuma iya kusancin ƙullutu da dubura iya ƙaruwar haɗarin.

Inda na ɗan bambanta da Dakta Hawwa: ƙwaya na iya rufe ciwo alhali hanji na ci gaba da tsukewa ga wasu. Wadda ta zaɓi magani ba ta sallami asibiti ba, sai ana sake hoto lokaci-lokaci. In ciki ya kumbura, ga amai, ba kashi ba tusa, wannan ba na jiran safiya ba ne.

Maganar da ta fi duk waɗannan: wa zai yi aikin? Wannan ba aikin likita ɗaya ba ne. Ana son likitan mata da likitan hanji a ɗaki ɗaya, wani lokaci da na mafitsara. Ku tambaye shi kai tsaye irin wannan aikin nawa yake yi a shekara, wane iri zai yi mata, kuma in ɗinki ya saki cikin dare wa zai buɗe ta. Aikin farko shi ne mai kyau. Wanda aka shiga aka taɓa rabi aka fito, na biyunsa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Alhaji_Transit:
Ni ban ga abin wahala ba. Tunda daga mahaifa abin yake, a cire mahaifar a huta. Mijin in yana son 'ya'ya ai ƙofa a buɗe take, ya ƙara aure.

Ummu_Yasir_Marwa:
Alhaji, Allah ya shirye ka. Ana maganar ran yarinya kana maganar amarya.

Zahra'u_Mokolo:
Irin wannan maganar ce ke sa mata ɓoye ciwo har ya ci su. Wata ta gwammace ta mutu a tsaye da a ce mata juya.

Dakta_Hawwa:
Alhaji, ko ta fuskar likitanci ma ba daidai ba ne. Ƙullutun a jikin hanji yake. In ka cire mahaifa ka bar shi, ka raba ta da haihuwa, ciwon bayan gida kuma yana nan, tunda ma'ajiyar ƙwai na ci gaba da fitar da homon. In ka cire su su ma a shekara 29, ka jefa ta cikin tsufan dole, da raunin ƙashi da haɗarin ciwon zuciya.

Bappa_Ali_Ngaundare:
Ni miji ne, matata ta bi wannan hanyar, ina da magana da mijin yarinyar. Ɗan'uwa, "ku zaɓa" ba amsa ba ce. Kafin a sa wa matarka wuƙa saboda haihuwa, kai ka je ka yi gwajin maniyyi. Abu ne na safiya ɗaya. In matsalar ta haɗa da kai, lissafin duka ya canja, wataƙila dashen ciki, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a sa a mahaifa, za a nufa kai tsaye ba tiyata ba.

Sai batun tafiya. In a Yawunde za a yi, ku yi shirin zama, ba na kwana uku ba. Mu likitan ya ce kada mu bar gari sai an tabbatar ɗinki ya kama, domin in zai saki a kwanakin farko yake saki. Ka ga mutum ya hau jirgin ƙasa ya kwana a hanya zuwa Ngaundare, ya sake hawa mota ya gangara falez, wato gangaren dutsen nan, zuwa Garwa, zazzaɓi ya tashi a can, wanda ya yi aikin yana nisan kilomita sama da dubu. Ku nemi masauki wajen 'yan'uwa a unguwar Birikiteri, ku kama kushet, wato wurin kwanciya a jirgi, a dawowa.

Dakta_Hawwa:
Bappa Ali ya taɓo inda ya dace. Kan haihuwa, ƙa'idojin da ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar a 2022 ba su ce a yanke hanji don neman ciki kaɗai ba, hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Ana yin aikin ne don ciwo ko toshewa, in ciki ya biyo baya alhamdu lillahi, kuma yana biyowa ga wasu. In ciwon da sauƙi, haihuwa ce damuwar, ana iya tafiya dashen ciki da ƙullutun a wurinsa. A Yawunde akwai asibitin CHRACERH da aka buɗe a 2016, aikinsu ke nan, tiyatar kyamara da dashen ciki, akwai kuma asibitocin mata da yara na Yawunde da Duwala. Kuɗi ne dai ba kaɗan ba. A duba bututun ƙwai, a auna yawan ƙwan da ya rage mata. In akwai ƙurjin cutar a ma'ajiyar ƙwai a yi hattara, yanke shi na tafiya da ƙwai masu kyau.

Maman_Hanifa_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauko takardar. Ƙullutu ɗaya ne, santimita 3 da ɗan ɗori, nisan santimita 9 daga dubura. Ba a rubuta tsukewa ba. Ƙoda lafiya. Ga ta nan kusa da ni, ta ce in ba ta wayar.

Ni ce mai ciwon. Na karanta duka. Kowa a gida maganar haihuwa yake, ni ma ina so, amma ba wanda ya tambaye ni ko zan iya ɗaukar wata shekara a haka. Na fara ƙwayar, wannan watan da sauƙi. Tsorona in na daina don neman ciki, in koma gidan jiya, cikin kuma bai zo ba.

DrAbbo_fiɗa:
Ƙanwata, tsoronki na kan hanya, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu masu irin hotonki ke zaɓen aiki: a cire ƙullutun, sannan a nemi ciki ba tare da azabar kowane wata ba. Girman nan a bakin iyaka yake, wani gwani zai iya fafewa bai datse ba. Ni da zan ba da shawara, ki ga ƙungiyar da ke yin aikin tun yanzu, ko da ba za a yi bana ba.

Dakta_Hawwa:
Ni kuma da zan bar ta ta cika wata shidan tukuna, jikinta ya huta, ta yi ƙiba, jininta ya dawo, a gama gwajin miji da na bututu a wannan tsakanin. Ba toshewa, ƙoda lafiya, ƙwaya na aiki, ba abin da ke kora mu. Shekara 29 ba 38 ba ce. Amma ganin ƙungiyar tiyata da wuri, wannan na yarda da Dakta Abbo.

Ɗiyar_Injamena:
In za ki je, ki tafi da faifan IRM ɗin kansa, ba takardar bayanin kaɗai ba. Su hoton suke son gani da idonsu. Kuma ki sa a gaya miki a gaban mijinki ko akwai yiwuwar leda, kada ya fara ji bayan kin farfaɗo.

Binta_Gider:
Ungozoma, ni da ba na neman ciki yanzu, Mirena za ta yi wa ciwon bayan gidan, ko ta mara kaɗai take yi wa?

Ungozoma_Kusiri:
Tana taimaka wa wasu har da na bayan gidan, amma ƙarfinta ya fi a kusa da mahaifa, kuma ba kullum take hana ƙwai fita ba. Ke dai fara samun eko ta farji wajen wanda ya iya, a san abin da ke akwai kafin a sa miki komai.

Maman_Hanifa_Garwa:
Mun tsayar za ta ci gaba da ƙwayar zuwa bayan salla, mu nemi ganin likitocin Yawunde da faifan. Inna har yanzu ba ta sauko ba. Mijin kuma na tura masa saƙon Bappa Ali, ya karanta, bai ce komai ba tukuna.

Bappa_Ali_Ngaundare:
Ki haɗa ni da shi ta akwati, maganar maza ce, ni zan kira shi.